Launi da Siffa a Aikin Hoto na Ɗalibi: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran Hoto a Kwamfuta da Waya

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban darasin hoto suka fi yi idan malami ya ba su aikin zango a kan launi da siffa, ya kuma ce a yi amfani da manhajar gyaran hoto. Amsoshin sun shafi mai babbar kyamara da wanda waya ce kaɗai kayan aikinsa. Sunayen maɓallai mun bar su yadda suke a rubuce a cikin manhaja, don kada ka yi ta laluben su.

Me malami yake nema a irin wannan aiki?

Yana son ya ga yadda tunaninka ya tafi, tun daga hoton farko har na ƙarshe. Ɗalibai da yawa sukan kawo hotuna biyar masu ɗaukar ido, amma babu abin da ke nuna hanyar da aka bi aka kai gare su, sai maki ya zo ƙasa da yadda suka zata. A jarrabawar GCSE, wato jarrabawar sakandare ta Ingila, aikin zango na da kashi 60 cikin 100, ragowar 40 kuma na aikin da hukumar jarrabawa ta bayar ne, wanda ake kammalawa cikin sa'o'i 10 a gaban mai sa ido. Abubuwa huɗu ake aunawa, kowanne da nauyi iri ɗaya: nazarin ayyukan waɗanda suka riga ka, gwaje-gwaje da gyara, rubuta abin da ka lura da shi, sai kammalallen aiki. Ke nan hoton ƙarshe rubu'in makin kawai yake ɗauke da shi. Ko makarantarku ba wannan tsari take bi ba, ka tanadi shaidar waɗannan huɗun, domin duk malamin zane da ya san aikinsa su zai duba.

Me zan ɗauka? Unguwarmu babu wani abin kallo.

Akwai shi, ido ne ya saba da shi har ya daina gani. Bokitai da butocin da mai kayan roba ya jera, tulin tumatir da tattasai a kan buhu, atamfofin da ke rataye a rumfar 'yan yadi, hulunan da masu wankin hula suka shanya a rana, ƙofar ƙarfe da fentinta ya fara ɓarewa, zanen dagi a jikin bango. Wanda ke Kano yana da marinar Ƙofar Mata, inda ramukan rini suke da'ira-da'ira a ƙasa, ga shuɗin baba kusa da launin ƙasa. Wanda ke Zariya yana da adon bangon tsoffin gidajen cikin birni.

Zaɓi abu ɗaya ka tsaya a kansa. A kowace fita ka ɗauki hoto 40 zuwa 60 na abin: daga nesa, daga kusa, daga sama, daga ƙasa. Ka matsa har sai abin ya cika fuskar kyamara, yadda mai kallo zai fara ganin da'ira da alwatika da layi kafin ya gane bokiti ne. Ka nemi izinin mai kaya tukuna, ka kuma nuna masa hoton idan ka gama.

Wane lokaci ne hasken ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da kake farauta. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, da kuma bayan la'asar, haske yakan zo ta gefe, launi ya yi ɗumi, ƙananan gurbi da tudun jikin bango su fito. Da tsakar rana launi yakan koɗe, amma inuwa takan yi baƙi ƙirin da kaifin baki, wanda shi ne abin da mai neman siffa yake so. A cikin inuwar rumfa launi yakan yi kauri ba tare da ƙyalli ba, sai dai yakan ɗauki sirkin shuɗi.

Wannan sirki ana auna shi da ma'aunin Kelbin. Hasken rana yana wajen 5500, tsohon ƙwan lantarki mai ja yana wajen 2700 zuwa 3200, inuwa kuma 7000 ko fiye. Idan ka bar kyamara ta zaɓi daidaiton fari da kanta, wato saitin da ke gyara wannan sirki (White Balance), hoto goma na abu ɗaya za su fito da launi goma. Ka kafe shi a lamba ɗaya, sannan ka saka farar takarda a cikin hoton farko don ka samu abin daidaitawa daga baya. Da hunturu hazo yakan rage bambancin haske da duhu, ya shafe nesa, abin da kan bar siffofi a fili ba hayaniya. Ƙurar ce matsala: kada ka canja gilashin kyamara a waje, domin ƙwayar ƙura ɗaya a ciki za ta bayyana kamar tabo a kowane hoton sararin sama.

Waya ta isa, ko dole sai babbar kyamara?

Ta isa. Abin lura shi ne irin fayil ɗin da take ajiyewa. JPEG yana da matakan haske 256 a kowane ɗaya daga launuka uku na asali, ja da kore da shuɗi, kuma wayar ta riga ta ƙara masa kaifi da kaurin launi, ta zubar da sauran bayanin. RAW yana ajiye matakai 4096 ko 16384, gwargwadon kyamarar, don haka yana jure ja da murɗawa sosai kafin ya lalace. Idan wayarka tana da sashen ƙwararru mai RAW, ka kunna shi. Idan ba ta da shi, ka kashe duk wani abin ƙawata fuska da matatun launi, kada kuma ka jawo abu da yatsu, ka taka ka je kusa da shi.

Wace manhaja zan yi amfani da ita?

Photoshop, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, shi aka fi koyarwa da shi, amma biya ake yi. GIMP kyauta ne, kuma duk abin da aka ambata a wannan shafi za a iya yin irinsa da shi. Photopea a intanet yake aiki ba sai an sauke ba, tsarinsa ya yi kama da na Photoshop, yana kuma buɗe fayilolinsa. A waya, Lightroom na da wurin sarrafa launuka takwas ɗaya bayan ɗaya, Snapseed kuma na da damar haɗa hoto biyu a wuri guda. Ka riƙe ɗaya ka iya ta sosai.

Yaya zan yi gyara ba tare da na lalata asalin hoton ba?

Ka buɗe jakar fayil ta musamman don hotunan asali, kada ka taɓa ajiye gyara a kansu. A cikin manhaja ka yi aiki da shimfiɗu, wato abin da take kira Layers, kamar takardun leda masu haske da aka jera a kan hoto. A Photoshop, danna Ctrl da J ya kwafi shimfiɗar farko. Duk gyaran launi ka yi shi a shimfiɗar daidaitawa ta kansa, wadda za ka iya kashewa ko ragewa ko bayan mako guda. Kowace irin wannan shimfiɗa tana zuwa da marufi: inda ka shafa fari gyaran zai bayyana, inda ka shafa baƙi zai ɓuya.

Ka ajiye aikin a PSD, ko XCF idan GIMP ne, domin su ne ke riƙe shimfiɗu. JPEG sai a ƙarshe, sau ɗaya. Duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake ajiye shi, yakan ƙara matse hoton, sai ƙananan murabba'ai su fara fitowa a bakin layuka. Tarihin gyare-gyare kuwa yana gogewa da zarar ka rufe fayil, ko aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, don haka ka riƙa danna Ctrl da S, kana kuma ɗaukar hoton allo a kowane mataki mai muhimmanci.

Malami ya ce in gwada launuka masu adawa da juna. Waɗanne ne?

A nan ɗalibai ke ruɗewa, domin da'irar launi iri biyu ce. A ta masu fenti, ja na fuskantar kore, shuɗi na fuskantar ruwan lemo, rawaya na fuskantar shunayya. A ta kwamfuta, wadda aka gina a kan haske, an raba da'irar digiri 360: ja a 0, rawaya a 60, kore a 120, shuɗi mai sirkin kore a 180, shuɗi a 240, ja mai sirkin shunayya a 300. Kishiyar kowane launi tana nisan digiri 180 daga gare shi, don haka kishiyar shuɗi a kwamfuta rawaya ce. Shi ya sa idan ka juya launukan hoto zuwa kishiyoyinsu da Ctrl da I, jan tumatir ba kore yake komawa ba, shuɗi mai sirkin kore yake zama. Dukansu daidai ne, ka dai rubuta a sharhinka wacce ka bi.

Kada ka raba wa launukan biyu fili daidai wa daida, sai su yi ta kokawa ido ya rasa wurin sauka. Ka ba ɗaya kamar kashi uku cikin huɗu na hoton, ɗayan ya zama ƙaramin wuri mai jan ido: buta ruwan lemo guda a gaban shuɗin bango.

Akwai gwajin da ya kamata kowane ɗalibi ya yi da hannunsa, irin wanda mai zane Josef Albers ya riƙa koyar da ɗalibansa da yankakkun takardu. Zana ƙaramin murabba'i ruwan toka, lambobinsa 128 a ja, 128 a kore, 128 a shuɗi, a ma'aunin haske da ke tafiya daga 0 zuwa 255. Kwafe shi, ka ɗora ɗaya a kan rawaya, ɗaya a kan shuɗi mai duhu. Na kan rawaya zai yi kamar ya fi duhu da sanyi, na kan shuɗi ya yi kamar ya fi haske da ɗumi, alhali lamba ɗaya ce. Wanda ya ga wannan da idonsa zai gane dalilin da gyara launin bango kaɗai ke iya sauya abin da ke gaba ba tare da an taɓa shi ba.

Ina son in canja launin abu ɗaya kawai, amma sai komai ya canja.

Buɗe shimfiɗar Hue/Saturation. A samanta akwai wurin zaɓi da ke kan Master, wanda ke nufin dukkan launuka. Sauya shi zuwa launin da kake so, misali Reds, sannan ka ja majanin farko, wanda ke tafiya daga 180 ta hagu zuwa 180 ta dama. Idan wani ɓangaren abin ya ƙi canjawa, ɗauki ɗigau mai alamar ƙari ka taɓa wurin, zai faɗaɗa iyakar launin. Abin da ya canja ba da sonka ba, ka shafe shi da baƙi a marufi, da burushi mai laushin baki.

Abu biyu ke yawan ɓaci. Na farko fata: fatar mutum, fari ne ko baƙi, tana cikin yankin ja da ruwan lemo, don haka wanda ya murɗa jan hula ba tare da marufi ba zai ga fuska da hannu sun koma kore ko toka. Na biyu, farin abu da baƙi da ruwan toka ba sa canjawa ko ka ja majanin har ƙarshe, domin babu launi a jikinsu da za a juya. Farar riga sai ka zaɓe ta, ka zuba launi a sabuwar shimfiɗa, ka sa yanayin haɗinta a Multiply, yadda ninkin yadin zai ci gaba da bayyana.

Na ƙara kaurin launi, sai tumatir ya zama jan tabo babu gurbi babu ƙyalli. Me ya faru?

Jan ya kai 255, iyakarsa ke nan. Wuraren da a da suke 230 da 240 da 250 duk sun taru a lamba ɗaya, bambancin da ke nuna zagayen tumatirin ya tafi. Buɗe histogiram, wato jadawalin da ke nuna yadda haske ya rabu daga duhu a hagu zuwa haske a dama, ka duba ja shi kaɗai, za ka ga ya jingina da bangon dama. Ka rage majanin Saturation zuwa tsakanin 10 da 20, ko ka koma Vibrance, wanda ya fi ƙara wa launukan da suka koɗe, ya sassauta wa waɗanda suka riga suka cika. Idan tun a wurin ɗauka jan ya toshe, babu gyaran da zai dawo da shi. Nan gaba, idan ja ko rawaya ya cika hoto, ka rage hasken kyamara da sulusin mataki ko sulusi biyu.

Yaya zan fito da siffa, har hoton ya daina kama da abin da aka ɗauka?

Fara da datsa. Yanke hoton murabba'i, ka jefar da duk abin da ke gaya wa mai kallo sunan abin, kamar marikin bokiti ko ƙasan rumfa. Daga nan akwai hanyoyi uku da suka fi ba da sakamako.

Threshold na mayar da hoto baƙi da fari zalla, babu toka. Yana farawa a 128: abin da ya fi haka haske ya zama fari, sauran baƙi. Ka gwada 90 da 128 da 170, ka ajiye duka ukun, za ka ga siffa uku daban daga hoto ɗaya. Kafin ka yi, ka ɗan dusashe hoton da fiksel 2 zuwa 4 (fiksel shi ne ƙaramin ɗigon da ake gina hoto da shi), in ba haka ba bakin siffofin zai fito da tsattsage kamar haƙoran zarto.

Posterize na rage matakan haske. Kuskuren da aka saba yi shi ne sa lamba 4 a hoto mai launi ana zaton launi huɗu za a samu. Matakai huɗu ne a kowane launi na asali, huɗu sau huɗu sau huɗu, launi 64 ke nan, kuma yawanci marasa daɗin gani. Ka fara mayar da hoton baƙi da fari, ka sa 4, sannan ka ɗora Gradient Map a sama, ka zaɓi launin da zai maye duhu da wanda zai maye haske. Ta haka kai ka zaɓi launukan, kuma kana da abin da za ka kare a sharhi.

Ta uku ita ce madubi. Ɗauki murabba'in hoto, ka faɗaɗa fili da Canvas Size zuwa kashi 200 a faɗi da tsawo, ka kafe hoton a kusurwar sama ta hagu. Kwafe shi, juya kwafin hagu zuwa dama, ka manna shi a gefe. Haɗe biyun, kwafe, juya sama zuwa ƙasa, ka manna a ƙasa. Hoton da layukansa suka karkata ya fi ba da zane mai kyau, irin wanda kan tuna wa mutum aikin hula. Ka ƙara girman allo zuwa kashi 100 ka duba mahaɗa, domin siririn farin layi na fiksel ɗaya yakan ɓuya a wurin, sai a takarda ya fito.

Ko wace hanya ka bi, ka gwada kashe launin gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ido na ganin rawaya da haske sosai, shuɗi kuma da duhu, ja da kore kuwa sukan zo da haske ɗaya su narke cikin juna. Idan siffar ta ɓace da launi ya tafi, ka gyara haske da duhunta da Curves kafin ka mayar da launin.

Sararin sama ya fito da layi-layi bayan gyara.

Matakai 256 ne ka ja har suka rabu, aka samu giɓi a tsakaninsu, kuma histogiram zai yi kama da mataji. Ka buɗe RAW a zurfin bit 16, wanda ke riƙe matakan haske masu yawa, ka yi gyaran a can. Idan JPEG kaɗai gare ka, ka sassauta gyaran, ka yayyafa wa wurin Noise, wato ƙananan ɗigo-ɗigo, na kashi 1 ko 2 ya ɓoye layukan.

Ayyukan su wa zan yi nazari?

Don siffa, J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya, wanda tun daga 1968 ya ɗauki hotunan kitson mata kusan dubu, baƙi da fari, yawanci ta baya, a gaban bango mara ado, har kitson ya zama kamar gini. Seydou Keïta na Bamako ya nuna yadda zanen tufa da zanen labulen baya ke haɗuwa. Don launi, Franco Fontana na Italiya, wanda ya mayar da gonaki da sararin sama shimfiɗaɗɗun launuka biyu ko uku, da William Eggleston na Amurka, wanda baje kolinsa na 1976 a birnin New York ya taimaka aka ɗauki hoto mai launi da muhimmanci a gidajen adana zane. Mutum biyu sun ishe ka. Ka zaɓi hoto ɗaya na kowanne, ka faɗi launi nawa ne a ciki, daga ina haske ya zo, me aka datse, sannan ka fita ka gwada dabarar a kan abinka. Tarihin rayuwarsu layi biyu ya wadatar.

Me zan rubuta a ƙarƙashin kowane gwaji?

Abin da ka yi da lambobinsa, dalilin yinsa, abin da ya fito, da abin da za ka yi gaba. «Na ji daɗin wannan hoton» ba ya kawo maki. Wannan kuwa yana kawowa: «Na juya ja da digiri 40 zuwa ruwan lemo don ya yi adawa da shuɗin ƙofar, amma inuwar bokitin ta koma kore, don haka zan rufe ta da marufi.» Gwajin da ya lalace kada ka goge shi, ka saka shi tare da bayanin abin da ya ɓata shi. Ka kuma buga dukkan hotunan kowace fita ƙanana-ƙanana a shafi ɗaya, kamar 20 zuwa 35, ka zagaye waɗanda ka zaɓa da biro. Idan ka yi amfani da hoton wani, ko manhajar ƙirƙirarriyar basira ta cike maka wani wuri, ka rubuta haka a fili, ka kuma tambayi malam tun da wuri ko dokar makarantarku ta yarda.

Na kai an wanke hoton, ya fito da duhu, launin kuma ya mutu.

Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa aron hasken ɗaki take yi. Idan allonka na kan iyakar haskensa, hoto mai duhu zai yaudare ka ya yi kamar daidai. Ka sauke hasken allo zuwa rabi ko ƙasa, ka kashe yanayin dare mai sa allo ya yi rawaya, kada kuma ka yi gyara rana na dukan allon. Shuɗi da kore masu tsananin haske tawada ba ta iya kai su. A Photoshop, Ctrl da Y na nuna kwatankwacin yadda za su dushe a bugu. Masu wanke hoto yawanci JPEG a tsarin launi na sRGB suke so, masu buga fosta kuma tsarin tawada na CMYK, don haka ka tambaya kafin ka ajiye. Ka fara wanke ƙarami guda ɗaya ka gani, sannan ka biya kuɗin babba.

Girma ma lissafi ne. A fiksel 300 kowane inci, takardar A4 na bukatar 2480 da 3508, A3 kuma 3508 da 4961. Waya mai megafiksel 12 na ba da 4000 da 3000, wanda ya wadatar da A4, a A3 kuma ya sauka wajen 240, wanda har yanzu ba laifi. Amma idan ka datse hoton ya rage 2000 da 2000, iyakarsa kamar santimita 17 ne kowane gefe. Ka kai fayil ɗin a filashi. Idan dole sai ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin takarda, domin idan ka tura shi a matsayin hoto manhajar za ta matse shi ta rage girmansa kafin ya isa wurin mai wankin.